Allo uku a kan tebur ɗaya: inda aikin ya kai

Ƴan'uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. Kusan wata biyu ke nan da na soma ƙara wa kwamfutata ta tafi-da-gidanka allo, ko ekaran kamar yadda muka saba faɗa a nan Yamai, sai yau na samu zama in tattara muku abin da na rubuta a littafin aiki. Ga wanda bai san mafarin zancen ba: ina buga wa ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni kundin kammala karatu a Harobanda, ina kuma riƙe wa wasu ƴan kasuwa biyu lissafi a Excel. Ɗalibi zai turo hoton rubutun hannunsa ta WhatsApp, in karanta layi biyu, in koma Word in buga, in sake komawa hoton. A allo ɗaya mai inci 14, kafin la'asar idanu sun yi ja, wuya ya sage.

Makon farko

Kwamfutar ta hannu ce. Tana da kafar HDMI ɗaya, wato mai kai hoto zuwa allo, USB-C ɗaya, da USB na gargajiya guda uku, biyu daga ciki masu shuɗin harshe. Ku riƙe wannan lissafin, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya.

Na shiga Babbar Kasuwa na ce ina son abin da zai raba HDMI gida biyu. Aka ba ni ɗan akwati baƙi, kafa ɗaya ta shiga, biyu na fita, na biya jaka biyar. Na aro talabijin da wani tsohon allo na jona. Duka suka kawo, amma hoto ɗaya suke nunawa, kamar tagwaye. Na danna maɓallin Windows da P, na zaɓi «Étendre», wato kowane allo ya nuna nasa hoton, Windows na ganin allo ɗaya ne kawai a waje. Haka aka ƙera akwatin: kwafin hoton yake yi, ya dace da gidan kallon ƙwallo inda ake son wasa ɗaya a talabijin biyu. Mai son Word a nan, hoto a can, ba shi da abin yi da shi. Kafar HDMI ɗaya, allo ɗaya take ɗauka mai zaman kansa.

Mako na biyu da na uku

Nan ne aikin ya yi mini daɗi, don haka zan daɗe a kansa.

Akwai wani dattijo mai gyaran kwamfuta da nake kai wa aiki. A bayan shagonsa matattun kwamfutoci ne jibge, ƙura ta rufe su. Na ce, "Baba, waɗannan fa, duk sun tashi aiki?" Ya ce, "Ɗana, yawancinsu uwar, babban faifan ciki, ce ta ƙone, zafi ko wuta ta kashe ta. Fuskar lafiyarta lau." Ya jawo ɗaya, ya cire batir tukuna, ya sa farce ya ɓamɓare bakin robar da ke kewaye da allon, ya kwance ƴan kusoshi huɗu, ya kwantar da gilashin a kan tsumma. A bayansa akwai farar takarda manne, da lamba: LP156WH4, sai wasu haruffa a gaba. Ya ce in ɗauki hotonta da salula, kada in bar ko harafi ɗaya.

Wannan lambar ita ce komai. Allon kwamfuta tsirara ba ya jin yaren HDMI, sai an sa masa tafinta, wato wani ɗan faifan lantarki da bai wuce tafin hannu ba, mai kafar HDMI da VGA a gefe guda, da wayar da ke shiga bayan allon a ɗaya gefen. Faifan kuwa ba a sayensa da ka. Allon da na samu mai inci 15.6 ne, ɗigon hotonsa 1366 da 768, bakinsa mai haƙora 40, irin da ake kira LVDS. Na baya-bayan nan galibi eDP ne, masu haƙora 30. Akwai ma eDP mai haƙora 40 da zai shiga bakin LVDS daram, amma wutar da ke bin kowane haƙori daban ce, in aka haɗa su ana iya ƙone allon nan take. Shi ya sa ake tura wa mai sayarwa cikakkiyar lamba, ya saita faifan a kanta kafin ya aiko. Ƙirga haƙora kaɗai bai isa ba.

Wata shawara da Baba ya ba ni: in kauce wa allon kwamfutocin da suka tsufa ƙwarai, na kafin wajen 2010, masu siririn fitilar gilashi a ciki. Waɗannan sai da wani faifai na biyu mai ɗaga wuta zuwa ɗaruruwan volt, kuma yana fizgar mai taɓawa. Masu fitilar LED su ne na ɗan koyo.

Na ba da saƙon faifan ta hannun wani mai shigo da kayan salula daga Sin. Ya yi kwanaki a hanya.

Ranar da ya iso, bayan isha'i na share tebur, na shimfiɗa tawul. Bakin wayar nan siriri ne kamar gefen reza, zinariya-zinariya, ba a tura shi da ƙarfi. Na daidaita shi, na tura da farcen manyan yatsu biyu a lokaci guda har ya shige, na ɗora salatif a kai yadda na ga an yi a asali. Ƙasan allon akwai wani dogon sashe da aka lulluɓe da baƙar leda. Nan ne ƙananan kayansa suke, ba a riƙe shi ta nan, ba a danna shi. Na jona wuta. Ƴar fitilar faifan ta yi ja, ta koma kore, sai ga hoton teburin Windows ya bayyana a gilashin da ya shekara cikin ƙura. Na ja linzami daga wannan allo ya tsallaka wancan. Wallahi na daɗe ina kai shi ina dawo da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku kula da wuta, don Allah. Faifan nawa volt 12 yake ci, na haɗa shi da caja mai amfiya 3. Cajar kwamfuta kuwa yawanci volt 19 take bayarwa, kuma wani lokaci bakinta na shiga kafar faifan. Shigarta ba ya nufin ta dace. Na ɗaura jan zare a wayar volt 12 don kada hannu ya yi kuskure da dare.

Mako na huɗu

Sai yi wa allon gida. Wani kafinta a kasuwar Katako ya yanka mini siririn katako daidai girman allon, da ɗan baki kewaye. Na ɗaure faifan a baya, na ɗaga shi kaɗan da guntayen roba don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Hinjin tsohuwar kwamfutar na mayar ƙafa, yana tsayawa duk inda aka karkata shi.

Na so in tsayar da allon a tsaye, don shafin takarda ya fito gaba ɗaya. Windows ya yarda, ido ne ya ƙi. Irin wannan gilashin, TN, an yi shi ne a kalle shi a kwance. Da na tsayar da shi sai gefe ɗaya ya yi duhu, ɗaya ya yi fari fat, idon dama na ganin wani launi, na hagu na ganin wani. Na mayar da shi kwance. Wanda ke son na tsaye ya nemi irin gilashin da ake kira IPS tun wurin zaɓe.

Mako na shida

Allo na biyu saye na yi, irin siriran nan da ake sawa a jaka kamar littafi, 1920 da 1080. An ce waya ɗaya ta USB-C ta wadatar, hoto da wuta duka. Na jona, ya haska, ya rubuta babu sigina, ya mutu. Na canza waya, haka. Na kai shi wurin wani abokina, a tasa kwamfutar ya kawo nan take.

Matsalar kafata ce. Ba kowace USB-C ke fitar da hoto ba, ko da kamanninsu ɗaya ne. Sai wadda aka haɗa da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode, wanda ya fito a 2014, ko mai Thunderbolt 3 zuwa sama. Ku duba gefen kafar: alamar walƙiya, ko harafin D mai P a ciki, alama ce ta hoto. Tawa alamar USB ce kawai. In babu alama, a nemi takardar bayanin kwamfutar a intanet da lambarta. Wayar ma haka: ta cajin salula sau da yawa wuta kaɗai take kaiwa. Da na yi wannan dubawar ta minti biyar a makon farko, da tsarin sayayyata gaba ɗaya ya canza, kuma ita nake roƙonku ku fara yi kafin ku fitar da ko dala.

HDMI ɗin kuwa allon farko ya riga ya tare. Mafita ita ce ƴar na'urar da ke mayar da USB zuwa HDMI, mai ƙwaƙwalwar DisplayLink. Sai an sa mata manhajarta, sannan kwamfutar ce ke matse hoton ta tura ta USB. Ga Word da Excel babu abin da za ka lura. Bidiyo kuwa yakan ɗan yi nauyi, fankar kwamfutar ta ɗaga murya. A kafa mai shuɗin harshe na sa ta, USB 3.0. Akwai masu araha da in aka sa su a baƙar kafa, USB 2.0, hoton kan faɗo zuwa 800 da 600.

Sai wuta kuma. HDMI ba ya ciyar da allo, dole a ba shi abinci ta wata waya. Da na ɗauko daga kwamfutar, da na ƙara haske sai ya riƙa ƙiftawa yana mutuwa. Dalili a fili yake: USB 2.0 wat 2.5 take bayarwa, 3.0 kuma wat 4.5, allon na neman fiye da haka. Na ba shi cajar salula mai amfiya 2, ƙiftawa ta tsaya.

Yau

Hoton rubutun ɗalibi a hagu kan allon katako, Word a tsakiya, Excel ko ƙamus a dama. A saitin nuni na jera akwatunan 1, 2, 3 yadda suke a tebur, na daidaita gindinsu don linzami ya daina maƙalewa a kan iyaka. Jiya na buga shafi 30 ban rufe taga ko ɗaya ba.

In wuta ta ɗauke, allon dama na komawa kan fawa banki. Na hagu na gwada shi da ƙaramin batirin nan na akwatin wifi mai fitar da volt 12, ya riƙe. Batirin sola kai tsaye ban yarda in jona ba, don yana haura volt 14 in rana na cajinsa.

Abin da ya rage shi ne bayan faifan, har yanzu a buɗe yake. Hunturu ya shigo, da safe ina iya rubutu da yatsa a kan tebur, kuma watan Afrilu na tafe da zafin da ke wuce digiri 40, don haka rufe shi ruf ba zai yiwu ba. Na yanko ragar sauro ta taga, na ninka biyu, kafinta ya ce in kawo masa ranar Asabar ya yi mata firam.