Ɗan ajinmu da ya dawo kan fata

Mu biyu ne ke riƙe da shagon takalmanmu a Ƙofar Wambai, ni da wani ɗan ajinmu na sakandare. Masu saye da yawa ɗauka suke wa da ƙani ne. Ni dai na gaji dukanci a gida, shi kuwa sai da ya zaga duniya ya haifi 'ya'ya uku kafin ya fara riƙe basilla.

A 2001 muka gama makaranta. Duk ajinmu babu mai kama ƙafarsa a lissafi, don haka babu wanda ya yi mamaki da ya wuce ya yi difloma a fannin akanta, ya kuma samu aiki a wata masaƙa. Ni na koma gindin Baba. A wannan aikin ya yi aure, ya auri 'yar kawunsa, ni na yi masa takalmin angonci, kuma har yau yana nan a ajiye bai ɓare ba. Sai wuta ta gagara, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙar ta rufe kamar sauran. Da ɗan kuɗin sallamar ya sayi babur ya shiga acaɓa, mai difloma guda, bai ji kunyar kowa ba. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur a cikin Kano. Ya koma jan A Daidaita Sahu na wani yana kai balas kullum, har ciwon baya ya kwantar da shi. A wannan tsakanin matarsa ce ta riƙe gidan da keken ɗinkinta, Allah Ya saka mata da alheri, ko sau ɗaya ba a ji kansu ba.

A 2016 ya zo ya zauna a bencina ya ce, "Mutumina, koya mini za ka yi." Na ce masa sana'ar nan ba ta san girma ba, daga inda yara ke farawa zai fara. Ya ce ya ji ya gani.

Yadda Baba ya yi mini haka na yi masa. Allah Ya jiƙan Baba, bai bar ni na taɓa wuƙa ba sai da na iya gane fata da hanci da yatsa. Da sassafe yake aika ni wurin majema in tsaya in ga yadda ake jiƙa fata a ruwan toka gashi ya zube, a kankare ta, a tsoma ta a bagaruwa, a shafe ta da mai, a rina ja da karan dafi. Fatar da ta sha bagaruwa sosai ƙamshinta daban ne, in ka naɗe ta ka saki ba ta tsagewa. Ta jar akuyar Sakkwato ita ce sarauniya, tun zamanin fatake ake ratsa Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun mutanen Maroko suna zaton ta can ce. Daga nan sai yanka. Gadon bayan fata shi ne mai ƙarfi, nan ake fitar da fuskar takalmi, gefen ciki kuwa saki yake yi, sai dai shafi. Ana fiƙe bakin fata kafin a lanƙwasa don kada ta ci wa mutum ƙafa. Gam sai ya sha iska kafin a haɗa, kuma mu ba ma dogara da gam kaɗai, sai mun bi ƙasan da ɗinkin hannu da zare mai kakin zuma. Ƙafa biyu muke aunawa domin da wuya su zo daidai, mun kuma fi son awon yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan tashi.

Hannunsa ya sha wuya da farko, amma kan lissafin nan bai tafi a banza ba. In ya shimfiɗa fata ya jera ma'auni, abin da zai rage bai kai tafin hannu ba. Yau duk haf-kofa da ya fita daga shagon nan mai ɗinki siriri a baki, aikinsa ne, kuma ina faɗa da alfahari.

Abin da ke ƙona mana rai shi ne takalmin leda da ake buga wa tambarin Italiya. Mutum zai ɗaga namu ya ce, "Haba Malam, can gaba rabin kuɗin nan ne." In damina ɗaya ta wuce ya fara ɓarewa sai ya kawo mana gyara, alhali leda ba ta gyaruwa. Ga tsadar fata: mai kyau kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa sun kwashe an kai Turai, ta shanu kuma an babbake an yi ganda. Wani dillalin zai sa maka masu kyau a sama, a tsakiya masu huji da tabon ƙaya. Shi ya sa abokina ba ya karɓar ɗauri sai ya warware ya ɗaga kowace fata a rana, ko dillali zai yi fushi.

Yanzu 'ya'yansa biyar. Matarsa ke ɗinka mana shafin jakunkunan mata daga gida. Babbar 'yarsa tana karatun aikin jinya, namijin da ke bi mata kuwa kullum ya taso makaranta nan yake zuwa, ya ce, "Baffa, yau za a ba ni wuƙa?" Tukuna, yanzu majema nake aikensa. Uban yana so in ya gama sakandare ya tafi makarantar koyon aikin fata da ke Samaru a Zariya, ni ma na goyi baya, muddin hutunsa a benci zai riƙa yi.

Masu son takalmin Sallah ko na angwaye su zo awo da wuri. Daga tsakiyar azumi muke rufe karɓar aiki, domin ɗinkin hannu ba ya son gaggawa.