Yadda ake gudanar da bitar Zotero ga ɗaliban digiri na biyu da na uku

Duk wanda ya taɓa duba kundin digiri na biyu ya san inda jan biro ya fi yawa: jerin manazarta. Marubucin da aka ambata a babi na biyu babu shi a ƙarshen kundi, shekarar da ke cikin rubutu ta saɓa da ta jeri, wani wuri waƙafi, wani wuri aya. Manhajar Zotero mai adana manazarta da jera su, wadda Jami'ar George Mason ta Amurka ta fara fitarwa a 2006, kyauta ce kuma tana maganin wannan ciwon kai. Matsalar ita ce yadda ake koyar da ita. Sau da yawa sai a tara mutum ɗari a ɗakin taro, a haska majigi, a yi tafi, a raba satifiket, kowa ya koma yana buga manazarta da hannu kamar jiya. A ganina bita ta yi nasara ne kawai idan kowane mahalarci ya tashi da babinsa na gaske, da manazarta goma da manhajar ta jera masa.

Saboda haka aikin yana farawa mako guda kafin ranar. A taƙaita adadi zuwa mutum 20 ko 25, da mai taimako ɗaya ga kowane mutum takwas. A aika saƙo cewa kowa ya zo da kwamfutarsa da cajarta, da babi ɗaya da yake kan rubutawa, da maƙaloli biyar na fanninsa. A tambayi abin da yake rubutu da shi. Zotero na aiki da Word da LibreOffice da Google Docs, amma masu rubutu da manhajar WPS za su sha wahala, gara a gano su tun da wuri. A sauke manhajar a filas biyu ko uku, domin mutum 25 da ke sauke abu ɗaya a kan intanet ɗaya za su cinye sa'ar farko. A tanadi soket mai baki da yawa aƙalla biyar, a tabbatar akwai mai a janareta. A guji Juma'a, a kuma tsara sa'o'i uku da za su ƙare kafin azahar, don bayan salla da abinci ba kowa ke dawowa ba.

A cikin ɗaki, mai koyarwa ya riƙa yin aikin a gaban jama'a, a hankali, suna bin sa a kwamfutocinsu. Minti goma na nuni, minti ashirin na gwaji. Idan ya yi kuskure ya gyara a gabansu, wannan ma darasi ne.

Akwai dabarar da masu horarwa na The Carpentries, ƙungiyar koyar da masu bincike aikin kwamfuta, suka daɗe suna amfani da ita, kuma ta dace da mu ƙwarai: a ba kowa 'yar takarda mai manne, ja da kore. Wanda ya gama ya manna kore a bayan murfin kwamfutarsa, wanda ya maƙale ya manna ja. Babban malami mai furfura da ke zaune kusa da ɗalibinsa ba zai ɗaga hannu ya ce ya ɓace ba, haka ma ɗalibar da ke jin nauyin magana a cikin maza. Takardar ja kuwa ba ta da murya. Mai taimako ya je ya durƙusa kusa da shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu duba tare," amma kada ya karɓi linzamin daga hannunsa. Wanda aka danna wa ba ya koyo.

Sa'ar farko ta shigar da manazarta ce: ta lambar DOI ta shaidar maƙala ko ISBN ta shaidar littafi, ta maɓallin da ake ɗora wa burauza, da jawo fayil ɗin PDF cikin manhajar. A nan ya kamata a daɗe, domin a nan ɓarna take. Zotero na kwaso abin da ta tarar ne, daidai ko kuskure. Tsohon kundi da aka ɗauki hotonsa a laburare ba shi da rubutun da za ta karanta, dole a cike bayanansa da hannu. Mujallun sassan jami'o'inmu da yawa ba su da DOI. Sunayenmu kuma suna rikita ta: marubuci mai suna uku, na ƙarshe sunan garinsu, sai ka ga an juya su. Sunan hukuma, kamar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a saka shi a gurbi guda, in ba haka ba manhajar za ta yanka shi kamar sunan mutum. Taken maƙala a ajiye shi da babban harafi a farkon jimla da sunayen yanka kaɗai, domin haka tsarin rubuta manazarta na APA bugu na 7 yake so.

Sa'a ta biyu a buɗe babin kowa, a saka ambato, a fitar da jeri, sannan a sauya salo daga APA zuwa wani tsarin, Chicago, a gabansu. Nan ne ɗaki yake ɗaukar murya. A ja musu kunne kada su gyara jerin da hannu a cikin Word, gyaran zai iya gogewa ko ya hana sabuntawa. A gyara a Zotero, a danna Refresh.

Sa'ar ƙarshe ta tsare aiki ce. Kowa ya buɗe asusu ya haɗa manhajarsa da shi, don kwamfuta na lalacewa ko a sace ta. Wurin ajiyar fayiloli na kyauta megabait 300 ne, amma bayanan manazarta ba su da iyaka. Kada kowa ya mayar da babban fayil ɗin bayanan Zotero cikin Dropbox ko Google Drive, yana lalata rumbun. Kafin miƙa kundi ga mai buga takardu a kasuwar makaranta, a yi kwafi, a danna Unlink Citations, mai yanke haɗin rubutun da Zotero, a kwafin kaɗai, domin ba a dawo da haɗin idan an yanke shi.

Satifiket kuma a riƙe shi sai bayan mako biyu, lokacin da za a sake zama na sa'a ɗaya, kowa ya kawo babinsa da jerin manazarta ashirin a duba tare.