Na Riƙe 'Ya, Na Ɓoye Mata Uwarta

Shekarata tara a ɗakin miji ban taɓa ko ɓatan wata ba. Rubutu, sassaƙe, jiƙo mai ɗaci da ake aiko mini daga ƙauye a jarka, babu wanda ban ɗura wa cikina ba. Duk sunan da za a yi a dangin maigidan ni ce a bakin murhu, kuma ba a watsewa sai wata ta ce, "Allah Ya kawo naki," da muryar da ta fi zagi ciwo. Ni kaɗai ake kira juya. Ba wanda ya taɓa ce masa ya je asibiti, ni ma ban faɗa ba, wai kada in ci masa fuska. Sai can baya wata likita ta gaya mini cewa kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, namijin na da hannu a matsalar, kuma gwajin maniyyi ya fi duk gwajin da aka yi mini sauƙi da araha. Ke amarya mai karanta wannan, in shekara ta zagayo shiru, ku tafi asibiti ku biyu.

Wannan ƙaramin kuskure ne in aka gwada da na gaba.

Da ƙanwata ta zo yaye 'yarta ta uku, Hajiyarmu ta ce a kawo mini ita. Riƙo dai ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, da yawanmu a hannun kaka ko inna muka tashi. Aka kawo ta da 'yan kayanta a leda da kofin roba shuɗi wanda ba ta yarda da kowane sai shi. Kwana uku tana kukan nono, ina goye da ita ina zagaya tsakar gida har kiran assalatu. Na so ta, Allah shaida ne. Amma in zan faɗi gaskiya, har da daɗin maƙwabta su ga zanen goyo a igiyar shanyata. Yarinyar ta zame mini garkuwa daga gori, kuma mai riƙe da garkuwa ba ya son a taɓa masa ita.

Sai na kafa doka: uwarta "Anti" ce. A makaranta na rubuta mata sunan maigidana. Zuwa gidansu na rage shi sai da salla. Ƙanwata ta yi kawaici irin na matanmu, ba ta taɓa cewa uffan ba, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin yarda.

Tana shekara 11 aka yi biki a dangin maigidan. Faɗan lalle ya haɗa ta da wata 'yar gidan, waccan ta ce mata, "Tsintacciyar mage, tafi gidan ubanki." Ta zo ta tsaya a ƙofar kicin, lallen hannunta bai ko bushe ba, ta ce, "Umma, waye babana?" Ludayi na hannuna. Na ce, "Ƙarya take yi, je ki wanke fuskarki." Wannan ƙaryar ta biyu ita ta fi ci mini tsada, domin kafin a watse bikin wata gwaggo ta zayyane mata komai. Kusan shekara guda daga gaisuwa sai "to". Daga baya ta ce mini riƙon bai dame ta ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne duk gari ya san labarinta ban da ita.

Abin kunyar, na san hukuncin tun a Islamiyya. Aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Zaidu ɗan Harisa, da ake kira Zaidu ɗan Muhammadu, an mayar masa da sunan mahaifinsa, kuma ƙaunar da Annabi (SAW) yake masa ba ta ragu ba. Nana A'isha ba ta haihu ba. Da ɗan 'yar'uwarta Asma'u, Abdullahi ɗan Zubairu, aka yi mata alkunya Ummu Abdullahi. Ba ta raba shi da uwarsa ba, kuma ba wanda ya isa ya rage mata daraja. Na san duk wannan, tsoron bakin mata ne ya fi ƙarfina.

To in riƙo ya zo miki, ki karɓa, akwai lada da daɗi a ciki. Amma tun yaro na koyon magana ki nuna masa uwarsa ki ce ga wadda ta haife ka, tun kafin ya ji a bakin mai gori. Ki bar masa sunan ubansa a kowace takarda. Mu sai da muka yi rantsuwa a kotu don mayar mata da sunan ubanta kafin jarrabawarta ta fita sakandare. Ki kuma san cewa ɗan riƙo ba ya gado a matsayin ɗa. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kyauta kuwa ki danƙa ta a hannu kina raye, gaban shaidu, a rubuce. Ni fili na saya mata da kuɗin adashi. In mace ce kuma ba ke kika shayar da ita cikin shekara biyun farko ba, ki bincika ko mijinki muharraminta ne tun ba ta balaga ba. Su kuma masu karɓo 'yar mutane da sunan riƙo su ɗora mata tiren talla da wanke-wanke, nasu na makaranta, su daina ɓata sunan riƙo, 'yar aiki suka ɗauka ba albashi.

Tana 14 na kai ta gidansu ta yi hutu cikakke, na dawo ni kaɗai a mota ina kuka, na tabbata ta tafi ke nan. Ranar da aka koma makaranta sai ga ta da jakarta da ƙullin daddawa, wai in ji Mama a ba Umma.