Abin da wake ke bar wa hatsi, da abin da yake tafiya da shi

Darasi mafi girma da aikin juya shuka (sauya abin da ake shukawa a gona daga shekara zuwa shekara) ya koya mini shi ne, naitirojin, wato sinadarin da shuka ke buƙata don girma, da dangin wake ke tarawa a jikin shukar yake, ba a cikin ƙasa ba. Duk gonar da aka roƙe waken soya ko gyaɗa, aka kwashe ƙwaya aka kuma ɗaure harawa aka fita da ita, to kusan duk ribar ta bi ƙofa. Saiwa da ganyen da ya kaɗe kawai suka rage wa masarar baɗi. Ga manomin da ba ya zuba takin zamani, wannan lissafi ne babba.

Aikin tara naitirojin ma ba na waken ba ne shi kaɗai. Bakteriyar rizobiyam ce ke zama cikin ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, tana janyo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Bayan mako biyar ko shida da shuka, a tono 'yan tsirrai da fartanya, kada a fizge, a tsaga ƙullin da farce. In cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana aiki. In fari ne ko kore, babu abin da yake yi. Abubuwa uku ne suka fi kashe aikin: ƙasa mai tsami da ma'aunin tsaminta (pH) ya yi ƙasa da 5.5, ƙarancin sinadarin fosfaros, da ƙasar da ta riga ta cika da naitirojin, don shuka ba ta ciyar da bakteriya a kan abin da take samu a banza. Garin farar ƙasa na rage tsami, garin dutsen fosfat kuma na cike gurbin fosfaros, sai dai yana da jinkiri. Waken soya yana da tasa bakteriyar ta daban. A gonar da ba ta taɓa ganinsa ba, a cuɗa irin da garin bakteriyar a inuwa, a shuka ran nan, don rana na kashe ta.

Koren taki shi ne maganin asarar naitirojin da ke fita tare da girbi: dangin wake irin su mukuna, lablab, kurotalariya, ko kuloba a ƙasashe masu sanyi, a shuka su don ƙasa kawai, ba don girbi ba. Lokacin binnewa shi ne komai. A sare da zarar fure ya fara, a huɗe shi cikin ƙasa mai danshi zurfin santimita 10 zuwa 15. In aka bari ya yi kauri ya fara 'ya'ya, naitirojin ya koma cikin ƙwaya, karan ya ƙi ruɓewa, mukuna kuma ta zubar da iri ta zama ciyawar da za ta nannaɗe hatsi. Bayan binnewa a jira mako biyu zuwa uku kafin a shuka hatsi. Wanda ya yi gaggawa zai ga iri ya ruɓe ko tsiro ya fito tsilli-tsilli. Wanda ya yi jinkiri, ruwan sama ya wanke masa naitirojin zuwa inda saiwa ba ta kaiwa.

Inda damina gajera ce, ni ban ga hikimar ba wa koren taki shekara guda cur ba, kuma yana shanye danshin da hatsi zai buƙata. Gara a shuka shi tsakanin layukan masara bayan ta yi mako huɗu zuwa shida, yadda ba zai danne ta ba.

Waken soya na yaudarar irin ƙudujin hatsi ya tsiro ya mutu don bai sami saiwar kamawa ba, amma wake na da nasa ƙudujin, ga cututtukan ruɓewar saiwa da ke taruwa in an maimaita shi a fili ɗaya. Saboda haka a riƙa sauya dangin waken shi ma, kuma hatsin da ya fi cin naitirojin, kamar masara ko alkama, shi ya kamata ya fara bin koren taki, gero ko dawa su biyo baya.