Lahadi da muryar Vinogradov

Yau ban fita ko'ina ba, sai na keɓe yammacin ranar domin sauraron faifan da mawaƙin Rasha Georgi Vinogradov ya rera jerin waƙoƙin Franz Schubert, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, masu suna Die schöne Müllerin da harshen Rashanci. Waƙoƙi 20 ne da Schubert ya tsara wa kiɗa a shekarar 1823 a kan baitocin mawaƙin Jamus Wilhelm Müller, kuma murya ɗaya ce da fiyano ɗaya suke ɗauke da labarin daga farko har ƙarshe. Wani saurayi mai koyon sana'ar niƙa ya bi ƙorama har ta kai shi gidan niƙa, ya kamu da son 'yar maigidan, sannan wani maharbi mai koren tufafi ya ƙwace masa ita, daga bisani ya jefa kansa cikin ruwan da ya kawo shi.

An haifi Vinogradov a Kazan a 1908, ya rasu a 1980, kuma yana da siririyar murya ta maza wadda masana kiɗan Turai ke kira tenor, irin muryar da Schubert ya rubuta waƙoƙin a ma'auninta. Sunansa ya fito ne ta gidan rediyo a Mosko, ba a dandalin wasan opera ba, kuma a ganina wannan ne ya gyara masa hanyar rera su. Wanda ya saba tsayawa gaban makirufo ba ya bukatar ɗaga murya don na ƙarshen zaure ya ji shi, saboda haka yana iya sassautawa har ka ji kamar kai kaɗai yake faɗa wa damuwarsa.

Akwai masu cewa bai kamata a raba Schubert da Jamusanci ba, tunda a kan gaɓoɓin harshen ya auna kiɗan, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Amma a zamanin Tarayyar Sobiyet al'ada ce a rera irin waɗannan waƙoƙi da harshen masu sauraro, kuma yau na ji ribar hakan da kunnena. Mutumin yana rerawa da harshen da ya tashi a cikinsa, don haka ba ya taka-tsantsan da lafazi, hankalinsa duka yana kan halin da saurayin ke ciki. Taushin Rashanci ya rage wa wasu wurare kaifi, musamman waƙar da saurayin ke yi wa maharbin faɗa cikin fushi, inda na fi son gautsin Jamusanci, amma ya ƙara wa waƙoƙin baƙin ciki nauyi.

Inda na fi daɗewa shi ne waƙar da saurayin ke roƙon a binne shi cikin koren ciyawa saboda masoyiyarsa tana son launin kore. A nan fiyano yana ta maimaita sauti guda ba fasawa tun daga farko har ƙarshe, kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke ruwan sama, shi kuwa Vinogradov bai saka kuka a muryarsa ba ko kaɗan. Ya bar baitin ya maimaitu, kowane zagaye yana ɗan canza nauyin numfashinsa, har sai da na ji zuciyata ta karye, domin na gane cewa yaron ya riga ya haƙura da duniya tun kafin ya isa bakin ruwa.

Faifan tsoho ne, sautin fiyano ya ɗan dushe a bayan murya, kuma hakan ya rage armashin wuraren da kiɗan ke kwaikwayon gudun ƙorama. Gobe in Allah ya kai mu zan saurari na mawaƙin Jamus Fritz Wunderlich da ya ɗauka da Jamusanci a 1966, musamman don in ji yadda ya bi da waƙar maharbin.