Abin da sauya rufin gidanmu ya ci

Ruwan da ya tona asirin rufinmu bai kai minti arba'in ba. Iska ce ta fara zuwa da jar ƙura, kamar yadda ta saba a ƙasar da ke bakin hamada, sannan sama ta ɓarke. Kafin a ɗauke, Inna ta jera bokiti uku a ɗakinta, silin ɗin falo kuma ya jiƙe ya yi ciki. Washegari na kafa tsani na hau tare da wani dattijon kafinta da ya san gidan tun mahaifinmu na da rai. Na ce masa, "Baba, ruwan da bai fi a ƙirga shi da yatsu a shekara ba, shi ne zai yi mana wannan ɓarna?"

Bai amsa ba sai da ya kama kan wata ƙusa da yatsu biyu ya zare ta kamar an soka ta a tuwon ƙasa. Robar da ke wuyanta ta marmashe a tafinsa. Ya ce, "Malam, ruwan jiya shaida kawai ya bayar. Rana ce ta yi aikin, shekara da shekaru tana yi."

Daga baya na bi maganar tasa da lissafi. Baƙin rufi da tsakar rana yakan haura digiri 65, da dare kuma hamada ta huce har mutum ya nemi mayafi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Fallen kwano mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya sauya da digiri 50, yana ƙaruwa da kusan milimita 6. Na alminiyom kuwa ya kusa ninka haka. A ido ba komai ba ne, amma kullum ne, safe da yamma, sau 365 a shekara. Ramin ƙusa da aka huda zagayayye sai ya koma dogo, ƙusar ta saki katako, hasken rana kuma ya ƙone robar da ke toshe ramin. Haka rufi yake mutuwa a tsaye, mai gida bai sani ba, tunda babu ruwan da zai gaya masa.

Na nemi ƙiyasi daga mutum uku. Mafi araha bai wuce rabin mafi tsada da yawa ba, kuma gaskiya zuciyata ta karkata gare shi, domin kuɗin na haɗin gwiwa ne tsakanina da ƙannena, kowa da nauyin da ke kansa. Abin da ya cece ni shi ne na shimfiɗa takardun uku a tabarma na bi su layi-layi. Mai arahar ya rubuta kwano, ƙusa da kuɗin aiki, shi ke nan. Babu cire tsohon rufi, babu kwashe shi, babu katako, babu indararo, bai kuma faɗi kaurin kwanon ba. Da na tambaya, ashe mai milimita 0.25 yake nufi, ɗaya daga cikin sauran biyun kuma mai 0.45 ya rubuta. Daga ƙasa iri ɗaya za ka gan su, fenti ɗaya, ƙyalli ɗaya. Sai an taka, ko iska ta shiga ƙarƙashi, ake sanin na ƙwarai. Ban ce mutumin ya yi niyyar cuta ba. Abin da na tambaya ya ba ni, ni ne ban san abin tambaya ba a lokacin.

Faɗin rufin ma ya ba ni mamaki. Gidan mita 12 ne da mita 10, don haka na sa a raina murabba'in mita 120 zan saya. Amma dole rufi ya zarce bango, kuma a ƙasar rana wannan zarcewar ita ce inuwar bango da tagogi, ba a rage ta. Da muka ba shi santimita 60 kowane gefe, ya koma 148. Gangaren rufin ya kai shi wajen 157. Sai hawan da kowane falle yake yi a kan ɗan'uwansa, da guntayen da ake yankewa a kusurwa, muka tashi da sama da 170. Duk wanda zai yi wannan aiki, ya fara da wannan lissafin kafin ya tambayi farashin komai.

Inda kuɗin ya fi zurarewa kuwa shi ne ranar da aka yaye tsohon kwanon. Babu kafintan da zai iya faɗa maka gaskiyar katakonka kafin a buɗe. Namu, wasu sun tsattsage saboda bushewa, wasu kuma gara ta cinye cikinsu ta bar ɓawo, ka danna da babban yatsa ya lotsa. Mutane suna zaton gara sai wuri mai damshi, alhali tana nan a busasshiyar ƙasa, ta bango take hawa cikin hanyar da ta gina da ƙasa. Kusan kashi ɗaya cikin uku muka sauya, sauran muka shafa musu magani. Na ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin saboda abin da ka iya tasowa, katakon nan kaɗai ya cinye shi. Abu ɗaya da na yi daidai, bisa shawarar Baba, shi ne mun yanke kuɗin sauya kowane katako tun kafin a cire ƙusa ko ɗaya. Wanda gidansa yake a buɗe, kayansa a tsakar gida, ba ya iya ciniki.

A kan launi muka yi doguwar muhawara da ƙanena. Shi yana son tayil mai duhu, irin wanda ke sa gida ya yi kwarjini. Tayil na siminti ya kan yi nauyin kwano wajen sau goma, ke nan sai an sake ginshiƙan rufin gaba ɗaya, a kuma duba ko bangon zai ɗauka. Sannan tayil ba shi kaɗai ke tare ruwa ba, akwai shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashinsa, ita kuma zafi yana gasa ta ta mutu tun tayil ɗin yana da sauran rai. Ranar sauya ta sai an ɗaga tayil ɗaya bayan ɗaya. Muka ajiye wannan. A batun duhu kuwa ban sassauta ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce zafin rufi mai mayar da hasken rana yana iya yin ƙasa da na rufin gama-gari da kusan digiri 28 a rana ɗaya, wuri ɗaya. Inna ce ke wuni a ƙarƙashin rufin nan, shekarunta sun ja, zafi yana hana ta barcin rana. Muka sayi fari.

Ƙarƙashin kwanon mun shimfiɗa takardar alminiyom mai ƙyalli, muka bar rata tsakaninta da kwanon, domin idan ta manne da ƙarfen amfaninta ya tafi. Muka buɗe ƙananan kafofi a gefe da can ƙololuwa, aka sa musu raga, don iskar da ta yi zafi tsakanin silin da kwano ta sami mafita. Waɗannan biyun sun ƙara kuɗi, amma ba su kai na katako ba, kuma su ne nake jin amfaninsu kullum da azahar. Rufi mai zafi ba ranar sayensa ake gama biyansa ba, kowane wata ana biya a kuɗin wutar fanka da na'urar sanyaya ɗaki.

Maimakon ƙusa mun yi amfani da sukurori masu roba mai jure rana, kuma Baba ya sa an ninka yawansu a bakin rufi da kusurwoyi. Ya ce guguwa ba ta danna rufi, ɗaga shi take yi, kuma daga gefe take farawa. An kuma ɗaure katakon da bango da ƙarfe. Indararo ma mun sa mai faɗi. Ruwan milimita 25 a kan rufinmu lita 3,700 ne, kuma a hamada yakan sauko ne a lokaci ɗaya, ya tarar da hanyarsa cike da yashin wata tara.

Kuskuren da ya ci mana kuɗi a banza shi ne lokaci. Tsoron wani ruwan ya sa muka yi aikin cikin tsananin zafi. Masu aikin sukan hau da sassafe, kafin sha ɗaya kwanon ya fi ƙarfin hannu, dole su sauko sai la'asar. Ban taɓa matsa musu ba, don na taɓa fallen da kaina na ji. Aikin kwana biyar ya kai tara. Da tun farko ina hawa ina dubawa, da mun shirya shi a lokacin sanyi, cikin natsuwa, kuɗi a hannu.

Saura ɗakin ajiya na bayan gida. Rufinsa tsohon falle ne na siminti mai toka-toka, Baba yana zargin akwai asbesto a ciki, wato wani ma'adini mai zare-zare da ake cuɗawa da siminti, ya hana yaransa fasa shi ko yanka shi, domin ƙurarsa tana jawo ciwon dajin huhu. Sai mun sami waɗanda suka san yadda ake sauke shi a jiƙe, falle-falle, ba tare da ya karye ba, kuma ba a sa kuɗinsa a ƙiyasin kowa ba. Kafin nan na rufe ɗakin. Farin kwanon kuma ƙura ta fara dusashe shi, don haka ranar Asabar zan hau da tsintsiya da ruwa, in wanke shi, in kwashe yashin indararo, in bi sukurorin gefen gabas ɗaya bayan ɗaya.