Ka fara zargin na'urarka

A karatun fiziks abin da ya fi zama min a kai shi ne duk sakamakon da ya yi daɗi da yawa, to na'urar ake fara tuhuma kafin a tuhumi Einstein. Malaminmu na lab ko kallon amsarka baya yi sai ka rubuta iya kuskuren da awon zai iya ɗauka a gefenta, lokacin muna ganin takura ce kawai.

Ku duba abin da ya faru a 2011. Masu gwajin OPERA sun harbo niyutirino (wasu ƙwayoyi ne da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta) daga CERN, cibiyar binciken fiziks da ke kusa da Geneva, zuwa Gran Sasso a Italiya, wajen kilomita 730, sai awo ya nuna wai sun riga haske isa da nanosakan 60 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), jaridu suka ɗauka ana ta cewa Einstein ya faɗi, tunda a ƙa'idarsa babu abin da ke wuce haske gudu, ashe wata wayar fiba ce bata zauna daidai ba, a 2012 aka gano. Amma fa a yi musu adalci, su da kansu suka ce jama'a ku zo ku duba mana. Masu na'urar hangen sama ta BICEP2 ma a 2014 haka, alamar farkon halittar sararin samaniya da suka zata ashe ƙurar galaksinmu (tarin taurarin da ranarmu ke ciki) ce.

To amma wanda ya hana ni sakat yanzu shi ne rigimar saurin faɗaɗar sararin samaniya. Tauraron ɗan adam na Planck ya auna tsohon hasken da ya rage tun farko, lissafin saurin ya bada kusan 67, su kuma su masanin taurari Adam Riess da suka yi amfani da madubin hangen sama na Hubble suka bi ta taurari masu ƙyaftawa da masu fashewa, suka samu kusan 73. Zaka ce ai bambancin ba yawa, wallahi da yawa, don kuskuren da kowane ɓangare ya yarda dashi bai kai ya cike ramin ba. An sa ran madubin hangen sama na James Webb da aka harba a Disambar 2021 zai nuna Hubble ce ta gauraya hasken taurari, ya duba, awon Hubble ya tsaya daram. Ni dai har yanzu zuciyata tafi karkata ga cewa akwai wata "waya" da ta saki a wani wuri, duk da kowa sabuwar fiziks yake fata. Ga wata masaniyar taurari Wendy Freedman kuma da nata taurarin daban ta samu wajen 70, ta faɗo tsakiya kowa na jan ta gefensa.